Dutsen Kamaru: Abin da ya kamata a sani kafin a ɗauki hanyar ƙololuwa

Kowace shekara, galibi a watan Fabrairu, ɗaruruwan 'yan tsere kan taru a filin wasa na Molyko da ke garin Buea domin gasar da ake kira Course de l'Espoir, wato Tseren Fata. Sukan hau Dutsen Kamaru da gudu har ƙololuwa, su juyo su sauko, tafiyar kimanin kilomita 38, kuma zakarun maza kan kammala cikin sa'o'i huɗu da rabi ko kusa da haka. Tun 1973 ake yin wannan gasa, kuma ita ce ta fito da sunan Sarah Etonge, wadda ta lashe ta sau bakwai har aka yi mata laƙabi da sarauniyar dutse.

Hotunan gasar kan sa matasa da dama, har da 'yan arewa masu karatu ko kasuwanci a Duwala da Yawunde, su ɗauka cewa hawan dutsen aikin yini ɗaya ne ga duk mai ƙarfi a jika. Wannan zato shi ne ke jefa baƙi cikin matsala. Yawancin 'yan tseren sun saba da tsaunuka, kuma sun shafe watanni suna atisaye. Baƙon da ya taso daga Garwa ko Marwa ko Maraɗi, kwana biyu zuwa uku yake buƙata, kuma abin da zai kai shi sama shi ne tafiya a hankali.

Wane irin dutse ne?

Dutsen yana yankin Kudu maso Yamma, kimanin kilomita 70 daga Duwala. Littattafai da yawa sun ba da tsawonsa a matsayin mita 4,095, wasu ma'aunai kuma sun ce 4,040. Ko wanne aka ɗauka, babu dutsen da ya kai shi a duk Afirka ta Yamma. Emi Koussi na ƙasar Cadi mita 3,415 ne. Chappal Waddi, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne. Ƙololuwar tsaunukan Bagzan a Nijar kuwa ba ta wuce mita 2,022 ba.

Al'ummar Bakweri da ke zaune a gindinsa na kiran sa Mongo ma Ndemi, ƙololuwarsa kuma Fako. Dutse ne mai aman wuta wanda har yanzu bai mutu ba. Ya yi amai a 1909, lamarin da ya sa Jamusawa 'yan mulkin mallaka suka bar hedikwatarsu ta Buea na ɗan lokaci. Ya sake yi a 1922, 1954, 1959, 1982, 1999 da 2000. A na 1999, narkakken dutse ya gangaro har ya datse hanyar mota ta bakin teku kusa da ƙauyen Bakingili.

Wannan tarihi ya shafi mai hawa kai tsaye. Ƙasar da zai taka baƙin dutse ne da ya daskare, mai kaifi, sai toka da tsakuwa masu zamewa. Irin wannan dutse kuma yana shanye ruwan sama, shi ya sa ruwan sha ke wuya a can sama.

Hanyar da aka fi bi

Hanya mafi shahara ita ce wadda ake kira hanyar Guinness, da sunan kamfanin da ya fara ɗaukar nauyin gasar. Tana farawa daga saman garin Buea, a wurin da ake kira Upper Farms. Ba ta buƙatar igiya ko ƙugiya, ƙafa kawai ake sawa. Wuyarta ita ce ba ta kewaye-kewaye: kusan a miƙe take hawa, kuma daga Buea zuwa ƙololuwa mutum zai ɗaga sama da mita 3,000.

Akwai zango uku a kan hanyar, kowanne da bukkar hutawa. Daga Buea zuwa bukka ta farko, mai tsawon kimanin mita 1,850, cikin kurmi ake tafiya, akwai inuwa da laima, kuma a nan ne ake samun ruwa. Da an ɗan wuce mita 2,000 sai itatuwa su ƙare, a shiga filin ciyawa. Daga nan zuwa bukka ta biyu, kimanin mita 2,850, shi ne wurin da ya fi tsayuwa a miƙe. Babu inuwa, rana na duka, kuma sau da yawa sai an dafa ƙasa da hannu. Yawancin matafiya a bukka ta biyu suke kwana.

Washegari da asuba ake tashi zuwa bukka ta uku, wadda ta haura mita 3,700. Daga nan ciyawar ma takan ƙare, sai dutse da toka da iska mai ƙarfi har ƙololuwa. Masu tafiyar kwana uku kan sauko ta wata hanya dabam, wadda ke ratsa ramukan aman wuta na 1999 ta biya ta maɓuɓɓugar Mann, wadda aka sa wa sunan Gustav Mann, Bajamushe masanin tsirrai da ya hau dutsen tare da Richard Burton a farkon shekarun 1860.

Abin da tsawo ke yi wa jiki

Yayin da mutum ke hawa, nauyin iska na raguwa. A tsawon mita 4,000, kowane numfashi na kawo kusan kashi 60 cikin 100 ne kawai na iskar oksijin da yake kawowa a bakin teku. Jiki na iya sabawa da hakan, amma sai an ba shi kwanaki. Idan aka hau da sauri, sai a kamu da abin da likitoci ke kira ciwon tsauni, wanda kan fara bayyana daga mita 2,500 zuwa sama.

Alamominsa na farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, rashin son abinci da kasa barci. Ciwon bai san mai ƙarfi ba. Ɗan ƙwallo ko soja na iya kamuwa, dattijon da ke tafiya a hankali ya tsira, domin saurin hawa ne ke jawo shi. A Dutsen Kamaru matsalar ta fi ƙamari saboda kusancinsa da teku: mutum na iya kwana a Duwala ko Limbe yau, gobe ya kwana a mita 2,850, jibi ya tsaya a sama da mita 4,000. Wannan ya zarce saurin da likitocin tsauni ke ba da shawara a kai. Kwana ɗaya ko biyu a Buea kafin farawa, da zaɓen tafiyar kwana uku maimakon biyu, na rage haɗarin.

Idan alamun suka fara, a tsaya kada a ƙara hawa. Idan suka tsananta, a sauka. Wanda ya fara tangaɗi kamar mashayi, ko ya rikice a magana, ko numfashi ya gagare shi alhali yana zaune, ko yana tari mai kumfa, ruwa ne ke taruwa a ƙwaƙwalwarsa ko huhunsa. Wannan na iya kisa cikin sa'o'i. Maganinsa na farko shi ne a sauko da shi nan take, ko da dare ne, kuma kada a bar shi ya sauka shi kaɗai.

Akwai gargaɗi na musamman ga masu ciwon sikila, wanda ya yawaita a yankunanmu. Ƙarancin oksijin, sanyi da ƙishirwa duk suna tayar da ciwon, kuma dutsen ya haɗa su uku. Hatta mai ɗauke da ƙwayar AS, wanda bai taɓa jin ciwo ba, na iya samun matsalar saifa a irin wannan tsawo. Shi da mai ciwon zuciya, hawan jini ko asma, su nemi shawarar likita tun kafin su sayi tikiti.

Sanyi, ruwa da kaya

Zafi na raguwa da kimanin digiri 6 zuwa 7 a duk mita 1,000 da aka hau. Ranar da ma'auni ke nuna digiri 30 a Limbe, a ƙololuwa zai iya zama 4 ko 5, da dare kuma ya sauka har ruwa ya daskare. Ko wanda ya san hunturun Agadas ko na Jos zai tarar da wani abu dabam, domin a nan sanyin na zuwa ne da iska da laima a kan jikin da ya jiƙe da gumi.

Don haka ana buƙatar riguna masu kauri da za a iya sawa ɗaya kan ɗaya, rigar ruwa, hular sanyi, safar hannu, jakar barci da tocila. Takalmi ya zama mai ƙarfi wanda ƙafa ta riga ta saba da shi. Ruwa kuwa, aƙalla lita uku ga kowane mutum a rana, kuma bayan bukka ta farko kada a dogara da samun sa a hanya. Dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli da kilishi ba su da nauyi kuma suna riƙe ciki.

A 'yan shekarun nan watan Ramadan na faɗowa cikin Fabrairu da Maris, daidai lokacin da aka fi hawa. Wannan tafiya ba ta yiwuwa ba tare da shan ruwa akai-akai ba, saboda haka mai niyya ya tsara ta kafin azumi ko bayan salla.

Lokaci, jagora da tsaro

Lokacin da ya dace shi ne rani, daga Nuwamba zuwa Maris. Da damina hanya na santsi, hazo na rufe ido. Gefen dutsen da ke fuskantar teku na cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a duniya: ƙauyen Debundscha kan samu kusan milimita 10,000 a shekara.

Tun 2009 dutsen ya zama gandun daji na ƙasa mai faɗin kimanin hekta 58,000, inda giwayen kurmi da wasu tsuntsaye da ba a samun su ko'ina sai nan ke rayuwa. Ana shiga ne da izini, tare da ɗan jagora mai rajista, kuma ana ɗaukar 'yan dako daga ƙauyukan da ke kewaye. Ɗan jagora ne ya san hanya idan hazo ya sauka, shi ne kuma ke gane wanda jikinsa ya fara gazawa.

Batun tsaro ma abin lura ne. Buea na cikin yankin masu magana da Turancin Ingilishi da ke fama da rikicin 'yan aware tun 2017. A gasar Fabrairun 2023 wasu abubuwa sun fashe a kan hanyar tseren, mutane da dama suka jikkata. Ranakun Litinin kuma harkoki kan tsaya saboda umarnin zaman gida da 'yan awaren ke ƙaƙabawa. Ya kamata a tuntuɓi ofishin gandun dajin da mazauna garin kafin a sa rana.

Saukowa

Masu hawa da yawa kan ƙarar da ƙarfinsu a hanyar zuwa, su manta cewa mita 3,000 na jiran su a gangara. A nan gwiwa ke ciwo, ƙafa ke rawa, tsakuwa ke zamewa, kuma a nan aka fi faɗuwa. Sanda na taimakawa ƙwarai. 'Yan jagora kan tsayar da lokacin da za a juyo ko an kai ƙololuwa ko ba a kai ba, domin kada dare ya riski ayari a fili. Wanda aka ce ya juya daga bukka ta uku, ya riga ya tsaya a wurin da ya fi kowane dutse na Najeriya, Nijar da Cadi tsawo, kuma zai iya dawowa wani ranin ya ƙarasa.