Ɗanyen Nama a Kwanon Kare: Wa Ke Amfana, Wa Ke Cikin Haɗari?

A 1993 wani likitan dabbobi ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Ian Billinghurst ya fitar da littafinsa Give Your Dog a Bone, inda ya yi kira ga masu karnuka da su daina sayen busasshen abincin nan na buhu da na gwangwani, su koma ba karnukansu ɗanyen nama da ɗanyen ƙashi da kayan ciki da ɗan ganye. Hujjarsa ita ce kare jinin kyarkeci ne, kuma ba wanda ya taɓa ganin kyarkeci ya hura wuta kafin ya ci abin da ya kama. Tsarin ya samu laƙabin BARF, ya bazu zuwa Ingila da Amurka da sauran ƙasashen Turai, har ya zama kasuwa mai zaman kanta: kamfanoni na niƙa ɗanyen nama da ƙashi, su daskarar, su kai wa mutum har ƙofar gida. Yanzu kuma bidiyoyin Facebook da TikTok sun kawo yayin cikin biranenmu, musamman wurin masu ajiye manyan karnukan gadi na ƙasashen waje.

Mai son fahimtar dalilin da maganar ta karɓu a can sai ya san abin da take ƙalubalanta. Abincin kare na sayarwa ba tsohon abu ba ne. Wajen 1860 wani Ba'amurke mai suna James Spratt ya fara sayar da biskit ɗin karnuka a Landan, sannan a shekarun 1950 kamfanin Purina ya ɓullo da busassun ƙwayoyin da ake matsowa daga inji, waɗanda suka mamaye kantuna har yau. Mutane sun saba da su, suna zubawa ba tare da sun san abin da ke ciki ba, sai a 2007 aka yi wani babban tashin hankali. Karnuka da kyanwoyi a Amurka da Kanada suka riƙa kamuwa da ciwon ƙoda suna mutuwa. Da aka bi diddigi, sai aka gano cewa wani haɗin alkama da aka shigo da shi daga ƙasar Sin an gauraya shi da sinadarin melamin, wanda ake yin roba da shi, don gwaji ya nuna kamar yana da sinadarin gina jiki mai yawa. Aka janye miliyoyin gwangwanaye da ledoji daga kasuwa. Duk wanda ya rasa karensa a wannan shekara, ko ya ga na maƙwabcinsa ya mutu, ba za a zarge shi ba idan ya ce daga yau da hannunsa zai haɗa abin da dabbarsa za ta ci.

Tsarin da masu ba kare ɗanyen nama suka fi bi yana da lissafi. Kashi 80 cikin 100 tsokar nama, 10 ƙashi mai taushi irin wuya da fiffiken kaza, 10 kayan ciki, rabinsu hanta. A kullum ana ba babban kare abin da ya kai kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na nauyin jikinsa. Ke nan kare mai kilo 30 zai lashe wajen giram 750 a rana, fiye da kilo 22 a wata. Wanda ya san farashin nama a kasuwarsu ya yi wa kansa lissafi.

Masu wannan tsari suna cewa gashin kare na yin sheƙi, bayan gidansa na raguwa ya daina wari sosai, haƙoransa na yin fes, kuma ko kare mai tsirfar abinci sai ya share kwano. Ba ƙarya suke yi ba, yawancin abubuwan nan ana ganinsu. Amma kowanne yana da dalilinsa. Sheƙin gashi daga yawan kitse yake zuwa, raguwar bayan gida daga ƙarancin dusa da hatsi ne, tsabtar haƙora kuwa daga gwaguyar abu mai tauri. In ban da gwaguyar ƙashi, babu ɗaya a ciki da zai ɓace don an tafasa naman. Abin da ya amfani karen shi ne sabon nama da kulawar ubangidansa, ɗanyantakar ba ta ƙara masa komai ba. Kuma har yau babu wani dogon bincike da ya tabbatar da cewa karen da ke cin ɗanye ya fi tsawon rai.

Ita kanta hujjar kyarkeci tana da rauni. Kare ya shafe aƙalla shekara 14,000 yana bin ɗan Adam, yana cin ragowar abincinsa, kuma cikinsa ya sauya a wannan zama. A 2013 masu bincike a Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin suka wallafa a mujallar Nature cewa ƙwayar halittar da ke sa jiki ya samar da sinadarin narkar da sitaci, kyarkeci kwafi 2 kawai yake da shi, kare kuwa daga 4 har zuwa 30. Mafarautanmu ba su karanta wannan mujalla ba, amma da tuwo da ƙanzo da kunu suka raini karnukan da ke kamo musu zomo da gada. Haka karen Azawak na Buzaye, wanda Turawa ke yabon gudunsa, gero da nono ne akasarin cimarsa a gida. Sannan kyarkecin da ake kafa hujja da shi, a dawa ba kasafai yake wuce shekara takwas ba, kuma yakan rayu da tsutsar ciki da karyayyun haƙora. Babu mai fata wa karensa irin wannan rayuwa.

Matsala ta farko tana kan karen da kansa. Tsokar nama cike take da sinadarin fosfaras, amma kalsiyam ɗin cikinta kaɗan ne ƙwarai. Idan aka riƙa ba kwikwiyo zallar nama, jikinsa zai fara zuƙe kalsiyam daga ƙasusuwansa, su yi laushi, ƙafafu su lanƙwashe, ya riƙa karyewa a kan ɗan tsalle. Idan aka cika ƙashi kuma, bayan gida ya ƙafe ya zama kamar alli, kuma kwikwiyon manyan karnuka kan samu nakasar gaɓoɓi saboda kalsiyam ya yi yawa. Hanta idan ta yi yawa, bitamin A ya taru ya zama guba. Naman maƙogwaro da ba a cire masa ƙullin wuya ba yakan hautsina jikin kare, ya rame, zuciyarsa ta riƙa bugawa da sauri. A 2011 masana a Munik ta Jamus suka auna haɗin ɗanyen abinci 95 da masu karnuka ke yi da kansu, suka tarar kashi 60 cikin 100 ba su daidaita ba, wani sinadari ya yi kaɗan ko ya wuce kima. Waɗannan fa mutane ne masu sikeli a ɗakin girki. Shi kuwa ƙashi, likitocin dabbobi sun gaji da cire shi daga maƙogwaro da hanji, da cire haƙoran da ya fasa. Dafaffen ƙashi ya fi muni, don yana tsagewa ya yi tsini ya huda hanji, saboda haka ƙashin kazar da aka ci aka rage ba na kare ba ne.

Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Babban haɗarin yana kan mutanen gidan. Tsakanin 2010 da 2012 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gwada samfuri 196 na ɗanyen abincin dabbobi da ake sayarwa, ta samu ƙwayar cutar salmonela a 15, listeriya mai haɗari a 32. A 2018 masu bincike a Jami'ar Utrecht ta Holan suka gwada kaya 35 daga kantunan ƙasarsu: 7 na ɗauke da salmonela, 19 da listeriya, 8 kuma da mugun nau'in ikolai da ake kira O157, wanda ke sa gudawar jini ya lalata ƙoda. Duk a daskare aka sayo su. Sanyi na kashe wasu tsutsotsi, amma waɗannan ƙwayoyin barci kawai suke yi, da naman ya narke sai su ci gaba da hayayyafa.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne karen yakan ci ya kwana lafiya. Cikinsa na iya jure ƙwayar, amma yana fitar da ita a bayan gida, tana maƙale a bakinsa da gashinsa da kwanonsa. Yaro mai rarrafe a tsakar gida, mai juna biyu da ke wanke kwanon, tsoho, da mai ciwon da ya raunana garkuwar jiki, su ne ke kwasa. Listeriya kan zubar da ciki ko ta kashe jariri. A 2017 a Ingila mutum huɗu suka kamu da nau'i ɗaya na O157, ɗaya ya rasu, kuma binciken hukumar lafiya ya nuna cewa abin da ya fi haɗa su shi ne mu'amala da karnukan da ke cin ɗanyen abinci, musamman tumbi. Masana a Jami'ar Bristol kuma sun gano cewa karnuka masu cin ɗanye sun fi fitar da ƙwayoyin da ba sa jin maganin kashe ƙwayoyin cuta. Tun a 2012 ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka ta fito fili ta ce ba ta goyon bayan ba kare ko kyanwa naman da ba a kashe ƙwayoyin cikinsa ba.

Wannan duk a ƙasashen da likita ke duba nama a mayanka, motar da ke ɗauke da shi tana da sanyi, kuma wuta ba ta ɗaukewa. A wurinmu nama kan wuni a kan tebur cikin zafin bazara, ƙudaje na kai, firiza kuma ta daskare da dare ta narke da rana. Wanda ya kwafo tsarin daga bidiyo bai kwafo lantarkin da ke bayansa ba.

Akwai kuma wata cuta da ta fi kusa da mu, wadda ta riga littafin Billinghurst da daɗewa, don jefa wa kare ɗanyen kayan ciki tsohuwar ɗabi'a ce a mayankunmu da gidajenmu. Kowane mahauci ya san ƙullutun ruwan nan da akan tarar a huhu ko hantar raƙumi da tunkiya da saniya. Yakan yanke wurin ya wurgar, karnukan kwata su yi wawa. Cikin wannan ƙullutu akwai dubban 'ya'yan wata tsutsa, waɗanda ke girma a hanjin kare su zama 'yar tsutsar da ba ta kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Karen ba ya nuna alamar komai, amma ƙwayayenta na fita a bayan gidansa, su shiga ƙasa da ruwa da ganyen lambu. Dabba ta ci da ciyawa, zagayen ya sake komawa. Idan kuwa mutum ne ya haɗiye su, ƙullutun a hantarsa ko huhunsa zai fito, ya yi shekaru yana girma shiru, sai ya danne wani abu ko ya fashe. Sau da yawa sai an yi tiyata, ko an daɗe ana shan magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a kowane lokaci fiye da mutum miliyan ɗaya ne ke fama da wannan cuta, kuma ta yi ƙamari a wuraren kiwo irin Sudan da yankin Turkana na Kenya. Ƙasar Niyu Zilan, mai tarin tumaki, ta daɗe tana fama da ita, ta hana ba karnuka ɗanyen kayan ciki, ta riƙa ba su maganin tsutsa a kai a kai, har a 2002 ta sanar da cewa ta rabu da cutar.

Wani zai ce mu ai ba ma kwana ɗaki ɗaya da kare, ba ma barin ya lashi fuskarmu. Haka ne, kuma wannan kariya ce. Amma karen gadi da na kiwo da na farauta a harabar gida suke zagawa, a nan yara ke wasan ƙasa, a nan ake shanya hatsi.

Wanda bai yarda da abincin buhu ba, ko ya ga ya yi masa tsada, yana da hanya mai sauƙi: ya dafa. A tafasa nama da kayan ciki har cikinsu ya daina ja, a zare ƙashi, a haɗa da shinkafa ko tuwo ko dankali da ɗan kabewa ko karas, da dafaffen ƙwai lokaci zuwa lokaci. Kada a sa albasa da tafarnuwa, don suna fasa ƙwayoyin jinin kare, wanda hakan ke nufin ragowar miyar gida ba abin dogaro ba ce. Inabi da zabibi da cakulan su ma guba ne gare shi. Likitan dabbobi ne zai faɗi yawan kalsiyam da sauran ƙarin da za a sa, gwargwadon shekarun karen da nauyinsa, kuma kwikwiyo ya fi kowa bukatar wannan shawara. Kowane irin sauyin abinci a yi shi sannu a hankali cikin kwana 7 zuwa 10, ana ƙara sabon ana rage tsohon, in ba haka ba zawo ne zai biyo baya.

Wanda kuma ya dage sai ɗanye, to ya ware wa naman wuƙa da katako da kwano nasu, ya kwashe ragowa da zarar kare ya gama, ya wanke hannu da sabulu, ya riƙa kwashe bayan gidan karen kullum, ya kuma riƙa ba shi maganin tsutsa mai suna praziquantel bisa umarnin likita. Gidan da ke da jariri ko mai ciki ko majinyaci kuwa, a ganina bai kamata ɗanyen nama ya shiga kwanon karensa ba sam.

Ga mahauta da masu yanka a gida, musamman ranar layya da suna da biki: duk huhu ko hantar da kuka ga tana da ƙullutun ruwa, kada ku jefa wa kare. Ku ƙone ta, ko ku binne ta a rami mai zurfin da kare ba zai iya tonowa ba.