A RAGE SAUTI, A TSARE KUNNE

Jama'a, idan kaka ta yi, aka sayar da masara da auduga a kasuwannin Funtua da Malumfashi, sai bukukuwa su kankama. Wani ya sayi rediyo. Wani ya ɗauko hayar lasifika. Nishaɗi ba laifi ba ne, amma ƙarar da ta yi yawa tana kashe kunne.

Neman rage sauti ba yau aka fara ba. Wajen shekarar 1920, a Amurka da Ingila, ana yayin wani abin kiɗa, fiyano mai kaɗa kansa. Iska ce ke sarrafa shi, da ƙafa ake hura ta. In an taka da ƙarfi, sai ya yi amo. In an taka a hankali, sai sautin ya yi laushi. Garmahon da kakanninmu suka sani ba shi da maɓallin ragewa, sai dai a cusa tsumma a bakin ƙahonsa. Mu kuwa yau maɓalli yana hannunmu.

YADDA ƘARA KE ƁATA KUNNE

Can bayan dodon kunne akwai wasu ƙananan gashi masu kama sauti. Ƙara mai ƙarfi tana lalata su. In sun mutu, ba su sake tsirowa. Ma'aunin ƙara shi ne desibel. Hirar mutum biyu wajen 60 ce. Wanda ke yini cikin ƙarar da ta kai 85 kullum, jinsa yana cikin haɗari.

Ga gwaji mai sauƙi. In mutum yana dab da kai, amma sai ka ɗaga murya kafin ya ji ka, to ƙarar wurin ta yi yawa.

ABIN DA ZA A YI

1. Rage rediyo daidai jin mutanen ɗaki. Batir ma zai fi daɗewa.

2. Kada a ajiye shi a lungun ɗaki ko a kan duro, don suna ƙara masa amo. A ɗora shi kan tabarma.

3. A wurin biki, a nisanta lasifika daga mazaunin jama'a. Mai goyo kada ta zauna gabanta.

4. Mai sa abin saurare na waya a kunne, kada ya wuce shida cikin goma na ƙarfinsa. Ya riƙa cirewa yana hutawa.

5. In dare ya yi, a tuna da maƙwabta, da tsofaffi, da marasa lafiya.

6. Mai injin niƙa ya nemi matoshin kunne na roba. Auduga ba ta tare ƙara sosai.

IN KUNNE YA FARA KUKA

Idan kana jin kunnenka na ƙara ba dare ba rana, ko ba ka jin magana sosai, kada ka zuba mai, kada ka soka tsinke. Je Babban Asibitin Funtua ko na Malumfashi. In abin ya fi ƙarfinsu, akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna.

Ranar 3 ga Maris ta kowace shekara ita ce Ranar Ji ta Duniya. Malaman yaƙi da jahilci, a karanta wa 'yan aji wannan bayani. Rigakafi ya fi magani.