Kasuwar Monterey, Inda Ake Sayen Mota da Tabonta

Duk watan Agusta, garin Monterey da ke bakin teku a jihar Kalifoniya ta Amurka yakan koma kasuwa ta mako guda. Manyan gidajen gwanjo irin su RM Sotheby's, Bonhams, Mecum da Gooding sukan kafa rumfuna, tireloli su yi ta sauke kaya. Hajar kuwa tsofaffin motoci ce, Ferrari, Bugatti, Jaguar da Mercedes, wasunsu ma sun girmi masu sayensu.

Tun kafin ranar gwanjo ake yin rabin cinikin. Attajiri yakan zo da dillalinsa da bakanike. Sai ka ga dattijo kwance a ƙarƙashin mota da tocila, yana neman lambar da masana'anta ta buga a jikin shasi da inji, yana gwada ta da abin da ke cikin takardu. Wani na bin jikin motar da ɗan ma'aunin kaurin fenti, domin ya gano inda aka cike lotsawa aka shafe. Wani kuma shinshina kujera yake yi, wai tsohuwar fata tana da ƙanshinta. Da dare ya yi sai a hau da motar kan dandamali, mai gwanjo ya riƙa kiran farashi, masu tayi na ɗaga hannu, wasu na tayawa ta waya daga wasu ƙasashe. In tayi bai kai abin da mai mota ya gindaya ba, albarka ke nan. In guduma ta sauka an sallama, mai saye ya ƙara la'adar gidan gwanjo, wajen kashi 10 cikin 100.

A wannan kasuwa mota iri biyu ce. Akwai wadda aka kwance ta kaf aka sake ta: fenti kamar madubi, sabuwar fata, kowane noti na walƙiya. Shekaru da dama ita ce sarauniyar kasuwa, har masu gyara suka wuce gona da iri. Maƙeran Italiya na shekarun 1950 da guduma suke buga jikin mota a hannu, shi ya sa gefen dama ba ya zuwa daidai da na hagu. Mai gyara ya zo ya daidaita, ya goge sawun gudumar, ya zubar da kujerar da direban tsere ya zauna a kai. Garin neman gira an rasa ido.

Ɗaya kuma ita ce wadda aka bari da fentinta na asali, ko da ya dushe. Darajarta ta fito fili a 2015 a Faris, lokacin da gidan Artcurial ya yi gwanjon motocin iyalin Baillon. Ferrari ƙirar 1961 da aka tarar a ƙarƙashin tulin mujallu ta kai Yuro miliyan 16.3. A 2024 kuma, gasar baje kolin tsofaffin motoci ta Pebble Beach da ake rufe makon Monterey da ita, wadda aka fara tun 1950, ta ba da babban kambunta a karon farko ga motar da ba a sake ta ba. Bugatti Type 59 ce ƙirar 1934, wadda Sarki Leopold III na Beljiyam ya taɓa mallaka. Ta shigo fili da ƙwarzanen fentinta da tsohuwar fatarta, ta doke motocin da aka kashe maƙudan kuɗi wajen yi musu kwaskwarima.

Wannan sauyi ya faranta mini rai, amma da sauran gyara. Adana mota daban, sakaci daban. Tsatsar da ke cin shasi dole a kashe ta, birki da taya dole a sabunta, domin rai ya fi tarihi. Akwai kuma ’yan damfara da suka koyi tsufar da sabon fenti, tunda sun ga tabo na kawo kuɗi.

Shi ya sa nake ganin gwanin bakanike a Monterey shi ne wanda ya san inda zai janye hannunsa. Ya tayar da inji, ya ɗinke inda kujera ta yage da zare irin na da, ya bar gogewar da tafin wani direba ya yi wa sitiyari shekara 90 da suka wuce. Fenti ana sayensa a gwangwani kowace rana. Wannan gogewar kuwa, in aka kankare ta, duk attajiran da ke cikin rumfar ba su da kuɗin da zai dawo da ita.