Matsayin Sifa da Jituwarta da Suna a Nahawun Faransanci: Jagora ga Malaman 'Yan Koyo

Gabatarwa

Tun shekarar 1996 gwamnatin Nijeriya ta ayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu. A wannan takarda za mu duba yadda ya kamata a koyar da sifa ga ɗalibi Bahaushe, irin wanda ya tashi a Tudun Kaya ta yankin Karaye da Rogo. Ra'ayinmu shi ne, malamin da ya bi ta Ingilishi ya yi asarar jari, domin sifar Ingilishi ba ta sauyawa don jinsi ko adadi, alhali ta Hausa da ta Faransanci duk suna sauyawa.

Jituwa

Bahaushe yana cewa doki fari, riga fara, dawaki farare. Haka Bafaranshe yake cewa un cheval blanc, une robe blanche, des chevaux blancs. Ƙa'idar yau da kullum ita ce a ɗafa -e don mace, a ɗafa -s don jam'i: petit, petite, petits, petites. Wannan -s ɗin galibi ba a furta ta, amma -e tana fito da baƙin ƙarshe, shi ya sa ake jin t a petite, ba a ji a petit.

Wurare biyu ne ɗalibi yakan yi tuntuɓe. Na farko, jam'in Hausa ba ruwansa da jinsi, farare ta wadatar ga dawaki da riguna, amma Faransanci ya raba blancs da blanches. In kuwa an haɗa namiji da mace, sai a ɗauki siffar jam'in maza. Na biyu, jinsin suna yakan saɓa. Rana mace ce, le soleil namiji. Wata namiji ne, la lune mace. Kasuwa mace ce, le marché namiji. Saboda haka wajibi ne a haddace kowane suna tare da le ko la.

Matsayi

Hausa ta yarda da farin doki da doki fari, sai dai in sifa ta gabata tana ɗaukar mahaɗi -n ko -r. A Faransanci galibin sifofi bayan suna suke zuwa, musamman na launi da na ƙasa: une voiture rouge, un élève nigérian. Akwai 'yan ƙalilan masu gabata, irin su bon, mauvais, petit, grand, jeune, joli, beau, vieux da nouveau. Ukun ƙarshe suna komawa bel, vieil da nouvel gaban suna namiji tilo mai farawa da wasali, kamar un nouvel ami.

Wani lokaci matsayi yakan canja ma'ana. Un grand homme babban mutum ne, un homme grand kuwa dogon mutum ne. Un ancien élève tsohon ɗalibi ne wanda ya riga ya bar makaranta, un livre ancien kuma daɗaɗɗen littafi ne.

Kammalawa

Shawararmu ga malamai ita ce su fara da jera misalan Hausa a allo, sannan su kawo na Faransanci kusa da su, su ware lokaci na musamman ga jinsin jam'i da sunayen da jinsinsu ya saɓa. A riƙa yawaita shifta, tunda kunne kaɗai ba ya raba petit da petits.