Dangantakar Minshari da Ciwon Kunne a Wajen Yara

Da zarar hunturu ya kama a Birnin Tudu da sauran garuruwan Bakura, Talata Mafara da Maradun, sai a ga yara da majina ba yankewa. Galibi mura ce mai wucewa. Amma idan yaro ya riƙa barci baki buɗe yana minshari, kunnensa kuma yana zubar da mugunya, to, mai yiwuwa ne tushen cutar yana can bayan hanci.

A wurin akwai wata tsoka da likitoci ke kira adinoyid, wadda aikinta shi ne tare ƙwayoyin cuta. Takan girma tsakanin shekara 3 zuwa 7, sa'an nan ta motse idan an doshi balaga. Likita Wilhelm Meyer na ƙasar Denmak ne ya bayyana illar kumburinta a shekarar 1868.

Idan ta kumbura sai ta toshe hanyar iska, majina ta taru, ƙwayoyin cuta su sami maɓoya. Daga nan sukan bazu zuwa kogunan iska da ke cikin ƙashin fuska, majinar ta yi kauri, tari ya hana barci. Haka kuma, dab da tsokar ne bakin bututun da ke kai iska tsakiyar kunne yake. Idan ya toshe, ruwa kan taru a bayan dodon kunne, ji ya ragu, har a makaranta a ɗauka yaron taurin kai gare shi. Idan ruwan ya zama mugunya, dodon kunnen na iya hujewa. Zubar da ta wuce mako 2 ta zama daɗaɗɗen ciwo, wanda sakaci da shi kan jawo kurumta, wani lokaci ma sanƙarau.

Cire beli a wurin wanzami ba ya maganin wannan, domin aska ba ta kaiwa inda tsokar take. Kada a ɗiga mai a kunnen, kada kuma mai hujajjen kunne ya yi nutso a magudanan ruwan Bakalori. A nisanta yaro daga hayaƙin murhu, a kammala masa allurar rigakafi.

Likitocin kunne da hanci da maƙogwaro, irin na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, sukan fara da magani. Idan bai wadatar ba, sai su cire tsokar ta hanyar ɗan gajeren aikin tiyata. Da wuri akan kama fara.