Morel, depiten Ingila da ya yi shekara 2 kawai cikin majalisa

Ran 15 ga watan Nuwamba 1922 aka yi zaɓen depitoci a ƙasar Ingila. A birnin Dundee, wani ɗan jarida mai suna Edmund Morel, ɗan takarar jam'iyyar ma'aikata, ya samu kujera, shi kuwa Winston Churchill, tsohon minista, ya faɗi.

An haifi Morel a birnin Paris cikin 1873, ubansa Bafaranshe, uwarsa ƴar Ingila. Yana saurayi ya kama aikin akawu a kamfanin jiragen ruwa na Elder Dempster, a Liverpool. Nan ne ya lura jiragen da ke fitowa daga Kwango suna cike da danko da hauren giwa, amma in za su koma, bindigogi da harsashi ake loda musu. Sai ya gane ana karɓar dukiyar ne da ƙarfi, ba a biyan masu ita. Ya aje aikinsa, ya shiga fallasa zaluncin Sarki Leopol na 2, har cikin 1908 gwamnatin Beljik ta karɓi Kwango daga hannun sarkin. Bayan haka ya ziyarci Najeriya har Kano, ya rubuta littafi kan ƙasar cikin 1911.

Da yaƙin duniya na farko ya tashi, Morel ya soki yarjejeniyoyin ɓoye da manyan ƙasashe ke ƙullawa. Cikin 1917 aka yi masa ɗaurin wata 6 a gidan kaso, tun daga nan kuwa bai sake samun cikakkiyar lafiya ba.

Amma tarihinsa yana da tabo. Cikin 1920 ya yi ta rubuce-rubuce na cin mutuncin sojan Afirka da Faransa ta girke a yankin kogin Rhin na Jamus, yana ɗora musu halin dabbanci.

Cikin majalisa, harkokin waje ne ya fi sa wa ido: ya nace kada gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da wata ƙasa sai da sanin wakilan jama'a. Da jam'iyyarsa ta kafa gwamnati cikin Janairu 1924, ya sa rai da muƙamin ministan harkokin waje, amma firaminista Ramsay MacDonald ya riƙe wa kansa.

Mutanen Dundee sun sake zaɓensa cikin 1923, da kuma ran 29 ga Oktoba 1924. Sati 2 bayan wannan zaɓe, ran 12 ga Nuwamba, ciwon zuciya ya kashe shi yana da shekara 51.