Kafin ka ɗaga ƙafar motarka

Malam direba, kai ma mai raƙuma ko tumaki da kake ɗora dukiyarka a bayan motar haya, wannan magana taku ce. Daga Tamanrasset zuwa In Guezzam kusan kilomita 400 ne a kan kwalta. Amma da ka sauka daga kwalta, rairayi da gargada ke jiranka. To a nan ne ake gane ƙafar mota.

Akwai wani kaya da ake tallatawa, wai yana ɗaga mota. Bututun ƙarfe ne mai zare kamar na noti, ana zura shi a jikin shokobzoba, abin da mutanen Nijar da Aljeriya ke kira amortisseur. A jikinsa akwai zobe, a kan zoben ne sifirin mai murɗi yake zama. Ka murɗa zoben sama, mota ta tashi. Ka yi ƙasa da shi, ta sauka. Masu ƙawar mota a birni sun fi sa shi don su sauke ta ƙasa, mu kuwa tsawo muke nema.

Abin da mai sayarwa ba zai gaya maka ba shi ne, murɗa zobe ba ya ƙara wa sifirin ƙarfi. Tsawo kawai ya ƙaru. Motar da aka ƙera don ɗaukar kamar tan 1 tana nan yadda take, ko da ta yi tsayin raƙumi. Kuma nauyin dabino da taliya a baya yake zama, inda Hilux da Land Cruiser 79 suke da sifirin mai falle-falle. Wannan bututu ba ruwansa da can. In baya ke zaunewa, sai dai a sake fallen ko a ƙara, ko kuwa a rage kaya, wanda na san ba mai son ji.

A Hilux, tun samfurin 2005, sifirin gaba a jikin shokobzoba yake, don haka ana iya sa shi. Sai dai in ɗagawar ta wuce kamar santimita 5, sandunan da ke kai ƙarfi ga tayoyin gaba sukan karkace da yawa, robarsu ta yage, rairayi ya shiga, shi ke nan. Ga shi mota mai tsawo da kaya jibge a sama ba ta da wuyar kifewa a gefen tudun rairayi. A Land Cruiser 79 kuwa sifirin gaba daban yake da shokobzoba, kada wani ya ruɗe ka.

In ka ce sai ka sa, ka tsaya a kan bakanike. A auna tsawon kowane gefe a daidaitaccen wuri kafin a kwance komai. Kada a cire sifirin sai da abin matse shi, don in ya kuɓuce yana iya karya hannu ko ya fasa kai. Kada a ɗora sifirin mai tauri a kan tsohuwar shokobzoba: a gargada man cikinta zai yi zafi, ta daina riƙewa, mota ta dinga tsalle kamar ɗan akuya. A ɗaga motar da jak har taya ta rataya, a ga ko sifirin yana nan daram a mazauninsa. A ɗaure zoben kulle. Notocin da ke bi ta cikin roba, sai mota ta sauka ƙasa za a tamke su. Sannan a daidaita tayoyin gaba, in ba haka ba su cinye ta gefe ɗaya.

Zaren bututun nan kuma, kada ka cika shi da giris, rairayi yake kamawa har zoben ya ƙi motsi. Ka rufe shi da tsohuwar robar tiyub. Idan ka isa In Guezzam a tafiyar farko, shiga ƙarƙashi da sifana ka sake taɓa kowane noti kafin kwalta ta ƙare.